Tambaya da Amsa: Mai Bishara a Ƙasar Waje da Yawon Ganin Gari

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Ni ɗaya ce daga cikin zumuntar mata ta wata ikilisiya a nan Damagaram. Bara ne ikilisiyarmu ta aiki ƙanena da matarsa zuwa Kumasi ta ƙasar Gana domin aikin bishara tsakanin Hausawa da sauran baƙi mazauna zango, kuma da baikon jama'a ake riƙe su. Kwanan baya ya sa hotuna a Facebook, ga su a bakin teku, ga su a wani tsohon ginin Turawa, ga su kuma bisa wata gadar igiya cikin kurmi. Tun daga ranar maganganu suka tashi, wasu na cewa an aike shi aikin Ubangiji amma ya tafi shaƙatawa da kuɗin mutane. Abin ya dame ni har ba na iya ɗaga kai a taron mata. Shin ya yi laifi? Kuma yaya zaman yau da kullum yake a can, domin in san abin da zan faɗa masa da abin da zan faɗa wa jama'a?

Wata mai karatu, unguwar Zango, Damagaram

AMSA: Ƴar'uwa, na gode da wasiƙarki, Allah ya ba ki kwanciyar rai. Ganin gari ba laifi ba ne ga mai bishara, hasali ma yana cikin abubuwan da nake so kowane ma'aikaci da aka aika waje ya yi. Abin da ya kamata a bincika shi ne da kuɗin wa ya yi tafiyar, a wane lokaci, kuma ko dattawan da suka aike shi sun sani. Ina roƙonki kuma kada ki ɗauki masu maganar a matsayin maƙiya, domin matar da ke toya ƙosai tun asuba, ta cire dala ashirin ta jefa a kwandon baiko ran Lahadi, tana da haƙƙin tambayar inda kuɗinta ya shiga.

Bari in fara da zaman yau da kullum, domin wanda ya ga hoton bakin teku kaɗai zai zaci rayuwar duka haka take. Kumasi birni ne na kurmi, ruwan da ake samu a can cikin shekara ya ninka namu na Damagaram har sau uku, kuma damina biyu suke yi, babba wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Mutumin da ya tashi cikin busasshiyar iskarmu yakan sha wuya da laimar can, inda wanki ke kwana bai bushe ba, gumi kuma ba ya barin jiki. Sauro ba shi da lokaci, zazzaɓin da muke tsoro cikin damina su shekara suke yi da shi, saboda haka kwana cikin sange wajibi ne ga ƙanenki da iyalinsa. Abincin mutanen ƙasar, wato Asante da kakanninmu ke kira Tonawa, ya dogara ne ga rogo da doya da ayabar dafuwa da manja. A zango zai samu koko da ƙosai, da tuwo, da shinkafa da wake, amma geron da ya saba da shi ba zai same shi da araha irin ta kasuwar Dole ba.

Batun kuɗi shi ne wanda mutanen gida suka fi kasa fahimta. Sefar da kuke aikawa sai an canza ta zuwa sidi, kuɗin Gana, kuma darajar sidi tana hawa da sauka, ta yadda abin da ya isa cefanen wata a farkon shekara ba lalle ya isa a ƙarshenta ba. Masu gidajen haya a biranen Gana sun saba karɓar kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule kafin su miƙa mabuɗi. Zirga-zirga da ƙananan motocin haya ake yi, waɗanda suke kira torotoro, kuma mafi yawansu a Kejetiya suke haɗuwa, kasuwar da ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Hausa za ta ishe shi a zango, amma da ya fita sai Tuwi, harshen Asante, a kasuwa, sai Ingilishi a ofis da asibiti da makarantar yara, alhali shi da Faransanci ya yi karatu. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ma'aikacin gwamnati yana neman takarda da harshen da bai iya ba ya san gajiyar da nake nufi.

Shi kansa aikin, mafi yawansa ba bisa bagade ake yinsa ba. Gaisuwa ce, da dubiyar marasa lafiya, da zuwa suna da ta'aziyya, da zama a shagon tela ko rumfar mai shayi har a saba. Ƙidayar Gana ta 2021 ta nuna Kirista sun kai kashi 71 cikin ɗari, Musulmi kuma kusan kashi 20, amma a cikin zango lissafin a juye yake. Ƙanenki a unguwarsa yana cikin ƴan tsiraru kamar yadda yake a gida, idan kuma ya shiga manyan majami'un birni, harshensa da tufafinsa sukan sa a ɗauke shi baƙo. Wannan kaɗaici ne mai nauyi, kuma ya fi nauyi ga matarsa, wadda ta bar uwa da ƴan'uwa da ƙawayen zumunta. Ina fata tun zuwansa ya je ya gai da sarkin zango da limaman unguwa, domin Gana ƙasa ce da ake girmama zaman tare. A Ista ta 2019 babban limamin ƙasar, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya halarci wata majami'ar Katolika a Akara lokacin da yake cika shekara 100. Mu da muka ga yadda aka ƙone majami'un Damagaram a Janairun 2015 mun san darajar irin wannan zumunci, kuma bai kamata ɗanmu ya zama sanadin ɓata shi a ƙasar mutane ba.

Mutumin da ke cikin wannan hali yana bukatar hutu, kuma Littafi Mai Tsarki bai hana shi ba. A Markus 6:31, da manzanni suka komo daga aikin da aka aike su, Yesu da kansa ya ce su keɓe wuri su ɗan huta, domin jama'a sun yi yawa har ba su samun zarafin cin abinci. Tarihin bishara a Gana ma ya nuna cewa jikin ma'aikaci yana da iyaka. Daga cikin mutum huɗu na farko da mishan ɗin Basel na ƙasar Suwizalan ya aika a 1828, uku sun rasu kafin shekara ta zagayo, na huɗun kuma a 1831. Mai bisharar Metodis na farko, Joseph Dunwell, ya sauka garin Kef Kos da ke bakin teku a farkon 1835, ya rasu kafin ya yi wata shida. Ikilisiyar da ta aiki mutum tana da alhakin lafiyarsa kamar yadda take da haƙƙi a kan aikinsa.

Bayan hutu akwai ilimi. A Ayyukan Manzanni sura 17, Bulus ya zaga birnin Atina yana duba wuraren ibadarsu, kuma da abin da ya gani rubuce a jikin wani bagade ya buɗe wa'azinsa. Bisa ga bayaninki, da alama tsohon ginin Turawan nan ɗaya ne daga cikin gidajen bayi biyu da suka fi shahara a bakin teku, Elmina ko Kef Kos. Turawan Fotugal ne suka gina na Elmina a 1482, mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, sannan ya koma hannun Ingila a 1872. A cikin waɗannan gine-gine akwai kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda ake tara maza da mata makonni cikin duhu kafin a fitar da su ta wata ƴar ƙofa zuwa jiragen ruwa, a kai su Amurka da tsibiran Karibiyan. A Kef Kos, ɗakin sujadar Turawan yana bisa kurkukun maza ne daidai, wato ana waƙar yabo a sama alhali mutane na mutuwa cikin sarƙa a ƙasa. A ganina babu mai bishara ɗan Afirka da ya kamata ya zauna Gana ya komo bai tsaya a wannan wuri ba. Zai gamu da mutanen da za su ce masa addininsa addinin masu cinikin bayi ne, kuma wanda ya ga kurkukun da idonsa ba zai amsa da gardama ko musu ba, zai amsa da nadama da gaskiya. Zai kuma tuna cewa hannunmu ma ba fari ba ne, domin a ƙarni na 19 ayarin da ke tashi daga Damagaram zuwa Tarabulus ba fatu da gashin jimina kaɗai yake ɗauka ba, har da bayi.

Gadar igiyar kuwa ta gandun dajin Kakum ce, kimanin kilomita 30 arewa da Kef Kos, gadoji bakwai ne da aka ɗaure tsakanin manyan itatuwa, tsayinsu daga ƙasa yana kaiwa mita 40 a wasu wurare. Duka wuraren ukun suna kusa da juna, kuma daga Kumasi tafiyar rabin yini ce a mota, saboda haka hotunan da suka tayar da hankalin mutane suna iya zama na kwana biyu ko uku kawai cikin shekara guda.

Da zai nemi shawarata, da na ƙara masa wasu wuraren. A Kumasi akwai fadar Manhiya, wadda aka gina a 1925 domin Sarki Prempeh na Ɗaya bayan komowarsa daga zaman gudun hijira a tsibiran Seshel, yanzu kuma gidan tarihi ce. A can ake bikin Akwasidae kowane mako shida, ran Lahadi. Yana iya zuwa bayan sujada ya kalla cikin ladabi domin ya fahimci yadda maƙwabtansa ke girmama sarauta da kakanni, amma kada ya sa hannu cikin tsiyaya wa kakanni abin sha a ƙasa ko wata hidima da ta saɓa wa bangaskiyarsa. A arewa kuma akwai Salaga ta ƙasar Gwanja, inda fataken Hausa suka riƙa kai kanwa da tufafi da fatu suna sayo goro, har yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar, mutanenta da yawa suka bazu zuwa wasu garuruwa. Wasu iyalan zango da yake zaune cikinsu daga waɗannan fatake suka fito, kuma dattijo yakan buɗe zuciyarsa ga yaron da ya san hanyar da kakansa ya biyo.

Yanzu sai wurin da nake ganin an yi sakaci, kuma sakacin na ɓangare biyu ne. Kuɗin da ke hannun mai bishara iri biyu ne, na aiki da na albashinsa. Na aiki, kamar na hayar ɗakin taro ko sayen littattafai ko taimakon marasa lafiya, amana ne, ba a taɓa shi domin yawo ko da dala ɗaya. Albashinsa kuwa nasa ne, idan ya tsimi wani abu a ciki ya kai matarsa ta ga teku, babu wanda zai tuhume shi. A 2 Korintiyawa 8:20-21 Bulus ya bayyana cewa yana kiyayewa kada kowa ya samu abin zargi game da gudummawar da aka danƙa masa, yana so ya yi daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. Ya kamata dattawa su rubuta wa ƙanenki a takarda adadin albashinsa, da ranar hutunsa a mako, da makonnin hutunsa a shekara, shi kuma ya riƙa aiko da lissafi da labarin aiki kowane wata ko wata uku, a karanta a gaban jama'a. Idan mutane ba su jin komai daga gare shi sai hoton bakin teku, ba abin mamaki ba ne su yi zato.

Ki sani kuma akwai dalilin da ya sa hotunan aiki suka yi ƙaranci. Mai bishara mai hankali ba ya ɗaukar hoton mara lafiyar da ya je dubawa, ko na mutumin da ya zo da dare yana tambaya a kan bangaskiya, ya baza a intanet, domin hakan tona asiri ne, wani lokaci ma jefa mutum cikin haɗari ne. Wannan yana daga cikin abin da za ki iya bayyana wa matan zumunta cikin natsuwa.

Ki kira shi a matsayinki na yayarsa, ki fara da tambayar lafiyarsu, ki nemi ya ba ki matarsa ku yi magana ku biyu, sannan ki tambaye shi kai tsaye da wane kuɗi suka yi tafiyar. Idan da albashinsa ne, ki ce ya rubuto wa ikilisiya wasiƙa ya faɗi abin da ya gani a gidan bayi da yadda zai amfani aikinsa. Idan kuwa ya taɓa kuɗin aiki, ya sanar da dattawa da bakinsa, ya mayar a hankali. Ina kuma ba dattawanku shawarar su aiki mutum ɗaya ya je ya kwana biyu a gidansu ya ga zaman da idonsa. Wanda zai je ya tanadi fasfo da katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda ake nema a iyakar Gana, ya kuma bincika ƙa'idojin shiga da zama tun kafin ya tashi, tun da Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025. Hanyar mota ta gabashin Burkina Faso tana fama da matsalar tsaro, saboda haka a yi shawara da waɗanda suka bi hanya kwanan nan kafin a sayi tikiti.