Kakaki, kafa da zarar bunu

Wani ɗan'uwa daga karkarar Ringim ya tambaya: me ya sa ake ce wa mai magana da yawun gwamnati ko 'yan sanda "kakaki", alhali shi abin busa ya sani?

Malam, abin busar nan shi ne asalin. Kakaki dogon abin busa ne na ƙarfe, na sarauta, ba a busa wa kowa da kowa. Wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya ranar hawan sallah a Haɗeja ko Gumel ya ga yadda mabushin ke ɗaga shi sama, kumatu tim da iska, tun kafin dokin sarki ya ɓullo. Kakaki ba shi da maganar kansa, numfashin wani yake kaiwa nesa. Shi ya sa sunan ya zauna daram a kan jami'in hulɗa da jama'a.

Sai dai ka lura, ba a mayar wa kakaki martani. Haka aikin yake a da. Jami'i ya buga takardar sanarwa, ya kai gidan rediyo, a karanta bayan labarai, dattawa su ji a gindin darbejiya, su yi gunaguni tsakaninsu, magana ta mutu. Yanzu fa? Ya wallafa a Facebook cewa an gyara rijiyar burtsatse, kafin la'asar wani saurayi ya ɗauki hoton famfon a bushe, jarkoki jere a rana, ya liƙa a ƙarƙashin sanarwar. Ni dai a ganina sunan ya fara yi wa aikin kaɗan, domin kakakin zamani sai da kunne.

Wata malamar firamare daga wajen Wudil kuma ta ce, "kafafen sada zumunta" daga ƙafar tafiya aka samo? A'a, Malama. Wannan kafa ce marar lanƙwasa, wato 'yar ɓula ko hanyar da abu ke bi ya wuce, kamar a ce "ya sami kafa" ko "a toshe kafar ɓaraka". Jam'inta kafofi ko kafafe. Rubutun waya ne ya rikita mutane, tunda da yawa ba sa neman ƙ. Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, ko da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, kafofin 'yan kaɗan ne, kowace da edita zaune a bakinta. Yau kowane aljihu da tasa.

Ita ma dai ta nemi fashin baƙin "magana zarar bunu ce". Bunu tsohuwar ciyawar jinka ce. Je ka ɗakin shuci ka zaro sili ɗaya, sannan ka gwada mayar da shi gurbinsa. Karyewa zai yi a hannunka. Wasu na cewa karin ya tsufa tunda WhatsApp ta ba da damar goge saƙo. Ban yarda ba. Mai unguwa ya tura murya cikin fushi kan rabon taki, ya goge bayan sallar isha'i, amma tuni wani ya tura ta zauren matasa, wani ya tura wa ɗan'uwansa a Legas. Da safe sai ya ji muryarsa a rediyon mai shayi, cikin shirin siyasa.