Tambaya da Amsa: Da gaske ne wasu halittu na tafe daga sararin samaniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata a Tudun Wada, nan Zariya, kuma hankalina ba a kwance yake ba. Tun daren da aka ga wasu fitilu a jere suna tafiya a sama bayan magariba, ɗalibaina ba su da zance sai na halittun wata duniya. Ana ta turo musu bidiyo a WhatsApp cewa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta gano rai a duniyar Mars ta ɓoye, kuma wai jirgin halittun na kan hanya. Ɗaya daga cikinsu ta daina barci, har mahaifiyarta ta sayo garin wani "dutsen sama" tana jiƙa mata don kariya. Na san darasin duniyoyi daidai gwargwado, amma wannan ya fi ƙarfina. Me masana ke sa ran ganowa a zahiri, kuma me zan faɗa wa yaran nan?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri kan wannan kulawa. Kafin komai, a dakatar da ba yarinyar nan garin yau ɗin nan, kada a bari sai gobe. Zan dawo kansa, don shi ya fi damuna a duk wasiƙarki.

Zuwa yau babu wanda ya gano rai a wajen wannan duniya tamu, ko da ƙwayar bakteriya guda. Neman dai ana yi da gaske, kuma abin da ake fatan samu ƙananan ƙwayoyin halitta ne waɗanda ido ba ya gani, ko kuma burbushin da suka bari a cikin dutse.

A Mars, motar bincike ta Perseverance ta sauka a kwarin Jezero a watan Fabrairun 2021, wurin da tafki ya taɓa kwanciya shekaru biliyoyi da suka wuce. A Yulin 2024 ta ci karo da wani dutse mai ɗigo-ɗigo, ɗauke da sinadaran kabon da ma'adinan ƙarfe haɗe da fosforas da farar wuta. A nan duniya, sau da yawa ƙwayoyin halitta ne ke barin irin wannan alama a cikin laka. A Satumban 2025 NASA ta fito fili ta sanar da sakamakon, ta ce mai yiwuwa alamar rai ce, mai yiwuwa kuma aikin sinadarai ne kawai. Ba za a raba gardama ba sai an kawo samfurin ɗakin gwaji a nan, shi kuwa yana can rufe a cikin bututu, ba a kai ga ɗauko shi ba saboda matsalar kuɗi. Wannan sanarwar ce masu bidiyo suka murɗe ta koma "an gano an ɓoye".

Ni dai in za a tambaye ni, zuciyata ta fi karkata ga watannin ƙanƙara masu kewaya wasu duniyoyi. Europa, ɗaya daga cikin watannin Jupiter, na da teku mai gishiri a ƙarƙashin ɓawon ƙanƙara, kuma ana ƙiyasin ruwansa ya ninka na dukkan tekunanmu kusan sau biyu. Kumbon Europa Clipper ya tashi a Oktoban 2024, zai isa a 2030, aikinsa kuma shi ne auna ko wurin zai iya ɗaukar rai. Enceladus, ɗaya daga cikin watannin duniyar Saturn, faɗinsa kusan kilomita 500 ne kawai, amma a 2005 kumbon Cassini ya ga yana feso ruwa daga tsagogin kudancinsa. Cassini ya ratsa ta cikin feshin, aka sami gishiri da sinadaran kabon da iskar haidurojin, sannan a 2023 aka tabbatar da fosforas. Ga ruwa, ga makamashi, ga kayan haɗi. Mazauna ne ba a gani ba tukuna. Akwai kuma Titan, shi ma watan Saturn ne, mai tafkunan methen, inda ake shirin aika jirgi marar matuƙi mai suna Dragonfly a 2028.

Yanzu ga abin da nake fama da shi kullum, a aji, a bakin masallaci, har a cikin motar haya in aka gane aikina. Mutane sun ɗauka duk abin da ya bayyana a sama ba su gane shi ba, ko ya faɗo daga sama, to na wasu halittu ne, kuma yana da wani sirri. Wannan tunanin ya wuce kuskuren karatu, domin yana cinye kuɗin talaka, yana kuma iya kai yaro kabari.

Fitilun da ɗalibanki suka gani, in dai a jere suke, tazararsu kusan ɗaya, suna tafiya shiru ba ƙyaftawa, suna kuma ɓacewa ɗaya bayan ɗaya a wuri guda, to taurarin ɗan'adam ne na kamfanin Starlink. Tun 2019 ake harba su rukuni-rukuni, kuma a kwanakin farko kafin su warwatsu haka suke bin juna. Ba su da fitila ko ɗaya. Hasken rana ne ke haska su a can sama bayan mu nan rana ta faɗi mana, shi ya sa bayan magariba ko kafin asuba ake ganinsu, suna shiga inuwar duniya kuma sai su ɓace. Mai ƙyaftawa da ja da kore jirgin sama ne, mu da muke da kwalejin koyon tuƙin jirgi a garin nan bai kamata ya zame mana baƙo ba. Mai tsananin haske da ke zaune a yamma ko gabas kuwa Zara ce, matar wata, wadda kakanninmu suka sani tun kafin a haifi mai ƙera kumbo.

Batun jirgin da ke tafe, daga wani tauraro mai wutsiya ya samo asali, wanda aka gano a ranar 1 ga Yulin 2025 aka sa masa 3I/ATLAS. Gaskiya ne daga wajen yankin ranarmu ya fito, shi ne na uku irinsa da aka taɓa gani. Amma an auna shi da manyan madubai na hangen nesa, an ga ƙanƙara da ƙura da iskar da taurari masu wutsiya ke fitarwa. Mafi kusancinsa da mu kilomita miliyan 270 ne, alhali tsakaninmu da rana miliyan 150 ne. Me za a ji tsoro a nan? Ki kuma tuna musu da nisa. Tauraro mafi kusa da rana, haske kansa sai ya yi tafiyar sama da shekara 4 kafin ya iso mana daga can. Kumbon Voyager 1 da ya tashi tun 1977 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa ɗaya, zai ɗauki fiye da shekara 70,000 kafin ya ci wannan zango.

Zancen ɓoyewa ma ba ya shiga hankali ga wanda ya san halin masu bincike. A 1996 an yi shelar ganin burbushin halitta a wani dutsen Mars da aka tsinto a Antatika, har shugaban Amurka Bill Clinton ya yi jawabi a kai. Masana suka yi wa hujjar ca, yawancinsu ba su gamsu ba. A 2020 aka ce an hango iskar fosfin a gajimaren Venus, wato Zara, nan ma aka shiga musu. Halin mutanen nan gaggawar faɗa ne, kowa na son a ce shi ya fara. Kuma ba Amurka kaɗai ke can ba: Turai da Sin da Indiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa duk sun kai kumbo Mars. Wa zai rufe wa wa asiri?

To, dutsen sama. Abin takaici shi ne muna da na gaskiya a maƙwabtanmu amma ba ma koyar da shi. A ranar 3 ga Oktoban 1962 dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a Zagami, cikin jihar Katsina ta yau, kusa da wani manomi a gonarsa. Daga baya aka tarar da iska maƙale a cikinsa wadda ta yi daidai da wadda kumbunan Viking suka auna a Mars a 1976. Wato ɓallin duniyar Mars ne ya faɗo a ƙasar Hausa. An yanka shi, an duba shi ciki da bai a ɗakunan gwaji na ƙasashe daban-daban, aka tarar dutsen aman wuta ne. Babu rai a cikinsa, babu magani, babu kariya. In na asalin ma haka yake, ina ga wanda wani ya ƙulle a leda yana kaɗa ƙararrawa a bakin kasuwa?

Na taɓa riƙe irin wannan ƙullin, wani dattijo ya kawo mini in duba masa. Gari ne baƙi mai ƙyalli da nauyi a hannu, da 'yan ɓarɓashi masu walƙiya, ya ce an sayar masa da tsada aka kuma hana shi nuna wa 'yan boko don kada sirrin ya karye. Wannan sharaɗin kaɗai ya isa a gane mayaudari. Irin garin nan ko kashin maƙera ne, ko dutsen ma'adini daga ramin masu haƙa, kuma duwatsun ma'adini da yawa na ɗauke da dalma. Mun manta Zamfara ne? A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400, wasu da suka rayu kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ƙura ce kawai ta yi wannan ɓarnar. Ina ga wanda ake jiƙawa ana ɗura wa yarinya safe da yamma? Masu wannan sana'a su ji tsoron Allah. Ka tsorata uwa da ƙarya, sannan ka karɓi kuɗin cefanenta ka ba ta guba ta kai wa 'yarta! Masu haɗa bidiyon ma ba su kuɓuta ba, domin yawan kallo suke sayarwa, tsoron yaranmu ne jarinsu. Shi ma wanda ya tura ba tare da bincike ba yana da kamasho a ciki.

Haka in ƙarfe ya faɗo daga sama, kamar zoben roka mai nauyin kusan kilo 500 da ya faɗa ƙauyen Mukuku na Kenya a Disamban 2024, kada a taɓa, kada a ja shi wurin 'yan gwangwan. Wasu tankunan kumbo na ɗauke da ragowar mai mai guba. A nisanta yara, a ɗauki hoto daga nesa, a sanar da mai unguwa da hukuma.

Ita ɗalibarki, ki je gidan da kanki ki gana da mahaifiyar cikin mutunci, domin ƙaunar 'yarta ce ta kai ta. Su tafi asibiti da ragowar garin, su faɗa wa likita tsawon lokacin da ta yi tana sha, su nemi a auna dalma a jininta, musamman in akwai ciwon ciki ko ciwon kai ko kasala. Rashin barcin ma a faɗa masa. Sauran 'yan ajin kuma, akwai manhajojin waya na kyauta da ke nuna lokacin da taurarin ɗan'adam za su ratsa ta kan Zariya. Ki duba, ki rubuta musu rana da minti a allo tun da safe, ki ce kowacce ta fito tsakar gida da iyayenta a lokacin su duba yamma ko gabas kamar yadda manhajar ta nuna. Ki zaɓi daren da babu hadari ko hazo, washegari kuma kowacce ta kawo rahoton abin da ta gani a rubuce.