Amsar tambayar Hajiya kan ciwon suga a unguwannin masu jin Sifaniyanci a Amurka

Salamu alaikum. Hajiya, barka da yamma, na saurari saƙonki. Kin ce su 'yan asalin Meziko da sauran masu jin Sifaniyanci da ke Amurka, da yawansu ba inshora, Turancin ma sai a hankali, ta yaya ake kai musu aikin ciwon suga? To, ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Asibiti shi kaɗai ba ya iyawa. Hannu uku ake haɗawa: asibitin unguwa mai karɓar kuɗi daidai ƙarfin mutum, jami'a mai horarwa da auna sakamako, sai matan unguwa da suke kira promotora. Ita ba nas ba ce. 'Yar cikin gari ce da aka horar, tana shiga gida har kicin, ta san wanda ke yin girki.

Ɗauki gundumar Starr a Tekzas, bakin iyakar Meziko. Farfesa Sharon Brown ta Jami'ar Tekzas da ke Austin ta jagoranci wani aiki a can, aka buga sakamakonsa a 2002. Mutum 256 aka raba gida biyu, kashi ɗaya suka yi awa 52 na zama cikin shekara ɗaya: wata uku na farko kowane mako awa biyu, daga nan aka riƙa tsawaita tazara. Yawanci da Sifaniyanci aka yi, kuma kowa sai ya zo da wani nasa, mata ko miji ko aboki. Wannan sharaɗin ne ya fi burge ni, don magidanci ya ji darasi a aji, tukunya kuma tana hannun wata, ai ba a yi komai ba. Bayan wata shida, gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ya kasance cikin kusan wata uku, ya nuna sun fi waɗanda ba su shiga ba sauƙi da maki 1.4. Amma fa duk da haka suna sama da 10, alhali 7 ake nema wa yawancin mutane. Kin ga aji ba ya maye gurbin magani.

Batun abinci, ba a cewa a daina cin tortilla, wainarsu ta masara, ba mai ji. Ƙirgawa ake koyarwa: biyu maimakon biyar ko shida. Wake a dafa shi haka nan, kar a soya da kitsen alade. Rabin faranti ganye da kayan lambu, kwata nama ko kifi, kwata shinkafa ko tortilla. Sai lemon gwangwani, ɗaya kawai kusan ƙaramin cokali goma na sukari ne. Akwai kuma masu ganin firgita ce ke kawo ciwon, da masu tsoron allurar insulin wai tana makantarwa. Promotora ba ta musu, bayani take yi cewa yawanci sai suga ya riga ya taɓa ido ake fara allurar, shi ya sa ake ɗora mata laifi.

Rigakafi kuwa na waɗanda HbA1c ɗinsu ke tsakanin 5.7 da 6.4 ne. Babban binciken rigakafin ciwon suga na Amurka, wato DPP, na 2002 ya nuna rage kashi 7 cikin ɗari na nauyin jiki da motsa jiki minti 150 a mako ya rage haɗarin kamuwa da kashi 58, ƙwayar metformin kashi 31. Mai kilo 90, kilo shida da ɗoriya ke nan.

Yanzu inda ake samun matsala. An fi son a kafa tebur a harabar coci ko ofishin jakadancin Meziko, a huda yatsun mutane, a ba wanda sugansa ya hau takarda a ce ya je asibiti. Ba zai je ba! Aikin yini yake yi, in ya tsallake rana ba kuɗi, wani kuma tsoro yake a tambaye shi takardun zama. Dole a yanka masa ranar ganin likita tun yana wurin, a karɓi lambarsa, promotora ta kira shi cikin makon. A San Diyego ta jihar Kalifoniya, shirin Project Dulce da aka fara a 1997 nas ce ke riƙe da fayil ɗin mara lafiya, promotora na koyarwa, don kar mutum ya ɓace tsakanin aji da asibiti.

Wata matsalar kuma, sai a raba na'urar gwaji kyauta a manta da tsinkayen da ake ɗiga wa jini, su ne masu tsadar, suna ƙarewa na'ura ta koma aljihun tebur. A sa aji da hantsi, ma'aikatan gona ba sa zuwa. A bar promotora ba albashi, ko kuɗin tallafi ya ƙare, ta nemi wani aikin, yardar mutane ta tafi da ita.

Kuma a shata mata iyaka: ba ta ƙara ko rage magani. In suga ya yi ƙasa da 70 a na'urar gwaji, a ba mutum giram 15 na sukari, kamar rabin kofin lemo, a sake gwadawa bayan minti 15. In ta ga gyambo a ƙafa, ranar za a kai shi asibiti.