Amsa ga uwar da aka ce 'yarta ta shiga ajin masu shirin ƙwarewa a rawar bale

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Tun jiya da dare na ga tambayarki, na ajiye waya amma maganar ba ta bar raina ba, domin shekara tara da suka wuce ni ce a inda kike tsaye yau. Kin ce 'yarki tana da shekara 11, ta yi shekara huɗu tana zuwa ajin rawar bale (ballet, rawar dandalin nan ta Turai da mata ke tsayawa a kan yatsun ƙafa) sau biyu a mako, yanzu malamarta ta ce tana da baiwa, a mayar da ita ajin masu shirin zama ƙwararru, kwana biyar ko shida a mako. Kina son sanin ko hakan na nufin za ta zama ƙwararriya, da abin da ya kamata ku sa rai da shi, ke da ita. Tawa ta shiga irin wannan aji tana 11, ta fita tana 18. Abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Ki fara raba magana biyu da ni na haɗe su har suka wahalar da ni. "Tana da baiwa" daban, "za ta samu aiki" daban. Malama ba ƙarya ta yi miki ba, abin da ta gani a yau ta faɗa. Amma horo kaɗai makaranta ke iya yi miki alkawarinsa. Kwantiragi daraktan kamfanin rawa ne ke bayarwa, nan da shekara bakwai ko takwas, yana duban jikin da a yanzu ba wanda ya san yadda zai kasance. Yarinya mai shekara 11 ba ta gama balaga ba. Tsayinta, faɗin ƙugunta, tsawon ƙafarta, duk suna gaba, kuma ba naci ko kuɗi ke tsara su ba.

Ki dubi manyan makarantun da kowa ke ambato. Ta Vaganova da ke San Fitasbog a Rasha, wadda aka kafa a 1738, tana ɗaukar yara wajen shekara 10 ta riƙe su shekara takwas, kuma ba duk wanda ya shiga ke kaiwa ƙarshe ba. Makarantar Royal Ballet ta Ingila tana da sashen ƙanana a White Lodge, amma wanda ya gama can sai an sake tantance shi kafin ya shiga sashen manya, tare da yaran da suka zo daga ko'ina a duniya. Kamfanin bale na Opera ta Paris masu rawa 154 ne, kuma sai a shekara 42 suke ritaya. Ki lissafa da kanki gurbi nawa zai buɗe a shekara guda. Ba don in sare miki gwiwa na kawo wannan ba, sai don ki san faɗin ƙofar kafin ki ɗora wa yarinya nauyin wucewa ta cikinta.

Haka kuma kada wani ya tsorata ki da cewa in ba ta shiga bana ba shi ke nan. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun 11 zuwa 13 su ne lokacin da horo ke tsananta. Amma Misty Copeland, 'yar Amurka, sai da ta kai 13 ta fara, kuma a 2015 ta zama baƙar mace ta farko da ta kai babban matsayi a kamfanin American Ballet Theatre. Irinta ba su da yawa, na sani. Sai dai ya isa ya nuna miki cewa wata uku na tunani ba zai rufe wa 'yarki hanya ba.

Ita yarinyar kuma, ki gaya mata gaskiyar yadda ranakun suke. Yara kan hango dandali da fitilu da farar riga. Abin da za ta tarar shi ne aji na awa ɗaya da rabi kullum, a fara a jikin sandar dafawa, a lanƙwasa gwiwa a miƙe, a zame ƙafa gaba, gefe, baya, sannan a koma tsakiyar ɗaki, a ƙare da juyi da tsalle. Gobe haka, jibi haka, shekara bakwai haka. Wadda ke son ajin kansa ita ke jurewa. Wadda tafin 'yan kallo kawai take so, a shekara ta biyu take gajiya. Ki kuma gaya mata tun yanzu cewa gyara ba ƙiyayya ba ce. Tawa ta sha dawowa da hawaye wai malama ita kaɗai take kira, sai daga baya ta gane wadda aka daina yi wa gyara ita ce ke cikin damuwa. Za a kuma liƙa jerin sunayen waɗanda aka ba manyan rawa ta ga babu nata, ba sau ɗaya ba.

Akwai wani lokaci da ba wanda ya gargaɗe mu a kansa. Wajen shekara 13, tawa ta miƙe farat ɗaya cikin 'yan watanni. Ƙashi ya riga tsoka tsawo, jiki ya ɗaure, ƙafar da take ɗagawa har kunne ta ƙi wuce ƙugu, juyin da take yi biyu cikin sauƙi ya koma ɗaya tana tangaɗi. Ta ɗauka baiwar ce ta tafi. Ba ta tafi ba, jiki ne ke sake koyon kansa, kuma malama mai ilimi takan rage tsalle a wannan lokacin ta ƙara aikin ƙarfafa jiki. In wannan ya zo muku, ki riƙe ta da kyau, domin a nan yara da yawa ke karaya.

Batun takalmin tsayuwa a kan yatsu, na tabbata 'yarki ta fara ƙosawa. Kada ki taya ta ƙosawa. Masana lafiyar masu rawa sun fi karkata ga a jira wajen shekara 12, bayan an yi 'yan shekaru ana horo na gaske, kuma a duba ƙarfin idon sawu da ƙugu da ciki, ba shekaru kaɗai ba. Takalmin nan yadi ne da takarda da gam aka danne suka yi tauri, ba shi ke ɗaga yarinya ba, ƙarfinta ke ɗaga ta. Haka buɗe ƙafa waje, wato juya ƙafafu yatsu su kalli gefe: daga ƙugu yake fitowa. Yarinyar da ke murɗa tafin ƙafa don ya yi kama da na ƙawarta, gwiwarta ce za ta biya.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini ciwo, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta miki wannan doguwar amsa. Tana shekara 15 aka zaɓe ta a wata rawa da ta daɗe tana so. Aka ƙara mata awoyi, har ranar hutunta ta tafi. Kullum da dare sai in same ta zaune a bakin gado, ƙafar dama cikin bokitin ruwan ƙanƙara, tana ɗinka zare a sabon takalmi, yatsunta duk filasta. In na tambaya sai ta ce ba komai, kowa haka yake. Na yarda, domin ina son in yarda. Na ga ta fara rage abin da take ci, na ce ai kula da jiki ne. Al'adarta ta ɗauke wata huɗu ba ta gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba. Wata safiya ta sauko daga gado ta kasa taka ƙafar. Hoton da aka ɗauka ya nuna tsagewa a dogon ƙashin da ke bayan yatsa na biyu, wanda likita ya ce wuri ne da aka san masu rawar bale da shi. Ba faɗuwa ta yi ba. Ƙashin ne aka yi ta dukansa kullum ba a bar shi ya huta ya gyara kansa ba, ga kuma jikin ba ya samun abin da zai gyara da shi.

Likitan ya yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa iyaye. In abin da yarinya ke ci bai kai abin da take ƙonawa ba, jiki yakan fara kashe wasu fitilu don ya tsira. Al'ada na cikin na farko, daga nan ƙashi ya fara rauni, a daidai shekarun da ya kamata ya tara ƙarfinsa na tsawon rai. Kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya ba wannan yanayi suna RED-S a 2014, kuma yana samun maza ma. Don haka ɗaukewar al'ada ba alamar ƙwazo ba ce, ko da wata a ɗakin sauya kaya ta ce haka ne. Ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya, wanda za ta iya nuna miki da ɗan yatsa, ya kwana ya tashi ya wuce mako, a kai ta asibiti. Kusan wata uku ta yi kafin ta sake tsalle, rawar da ta yi wa wahalar kuma wata aka ba.

Ba makarantar kaɗai ke da laifi ba, nawa ya fi. Shekara huɗu, da ta shigo mota tambayata ɗaya ce: me malama ta ce, wa aka sa a gaba, an yabe ki? Ban taɓa ce mata dole ta yi fice ba, amma ta karanta a fuskata. Lokacin jinyar ta ce da ni, "Mama, na ji tsoron in ce yana ciwo, saboda duk abin da kuka kashe." Wannan magana ta tsaya mini a ƙirji. Daga ranar na daina lissafa ɗawainiya a gabanta, na daina tsayawa a bakin taga ina gwada ta da 'ya'yan mutane. Gyara aikin malama ne. Aikina in ga ta ci, ta yi barci, ta yi karatu, ta samu inda za ta yi kuka ba a auna ta ba.

Kafin ki sa hannu, ki je makarantar ki yi tambaya ba tare da jin nauyi ba. Ki taka daɓen ɗakin da ƙafarki. Ya kamata ya zama katako mai ɗan lotsawa, domin tsalle a kan siminti yana cin ƙafa da baya. Ki tambayi inda malaman suka koyi koyarwa, don iya rawa daban, iya koyar da yaro daban. Ki tambayi inda ɗaliban da suka gama a shekara uku da suka wuce suke yanzu, dukkansu, ba guda ɗaya da hotonta ke bango ba. Shin akwai likitan gashin ƙashi da suke aiki da shi? Akwai cikakkiyar ranar hutu a mako? Ana auna nauyin yara a gaban juna? In ana yi, ki ɗauki 'yarki ki fita. Ana barin iyaye su kalli aji lokaci zuwa lokaci? Wurin da ke rufe ƙofa ruf, ya hana tambaya, ya sa yara ɓoye ciwo, ba na aminta da shi komai sunansa. Salon koyarwar da suke bi kuwa, na Vaganova ne ko na Cecchetti ko manhajar Royal Academy of Dance, bai kai ingancin malamar muhimmanci ba. In 'yarki mai duhun fata ce, ki tambaya ko suna yarda da safa da takalmi kalar fatarta. Tun 2018 kamfanin Freed of London ya fitar da irin wannan takalmi tare da ƙungiyar Ballet Black ta masu rawa baƙar fata da 'yan asalin Asiya, kuma yadda za su amsa miki zai nuna miki yadda suke kallon yarinyar.

Ɗawainiya kuma ba kuɗin makaranta kaɗai ba ne. Takalmin yatsu yana mutuwa da sauri, in horo ya yi nisa sai ya zama ana sauyawa a kai a kai. Ga kwasa-kwasan lokacin hutu, ga tafiye-tafiyen tantancewa, ga lokacin sauran 'ya'yanki da zai tafi a hanya. Ku zauna da maigida ku yanke iyakar da za ku iya, don kada ta zama bashin da yarinya za ta ji dole ta biya da jikinta. Gasa kuma ba dole ba ce a shekara 11. Babbar gasar Prix de Lausanne ta Suwizalan, da aka fara a 1973, 'yan 15 zuwa 18 take ɗauka, kuma amfaninta shi ne makarantu su ga yaro su ba shi gurbi. Karatun boko kada a taɓa shi. Ko wadda ta dace, yawanci kafin 40 ta sauka daga dandali.

Tawa ta je tantancewa wurare da dama tana 18. Wuri ɗaya ya ba ta gurbin koyon aiki na shekara guda ba albashi. Ta yi mako biyu tana juya maganar, ni kuwa na kame bakina, da ƙyar. Ta zaɓi jami'a, yanzu gashin ƙashi take karanta, kuma tana zuwa aji sau biyu a mako don tana so. Cikin waɗanda suka fara tare, ɗaya na sani tana rawa a kamfani, kuma mun je mun kalle ta mun yi mata murna har zuciya.

Da ni ce ke, zan bar ta ta shiga, in makarantar ta amsa tambayoyin nan da kyau, amma da sharaɗin shekara ɗaya. In shekara ta cika ku zauna ku duba jikinta, da karatunta, da fuskarta in za ta tafi aji. Kafin nan ki kira ta ku biyu, ba a mota ba, ba a gaban malama ba, ki ce mata in ta ce a'a ba abin da zai ragu tsakaninku, sannan ki tambaye ta ko tana so. Ki ba ta 'yan kwanaki kafin ta amsa. In kun je ganin makarantar, ki dawo ki gaya mana abin da suka ce game da ranar hutu da auna nauyi, sai mu duba tare.