Zan ba ejan kuɗi ya samo min sikolashif?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aji uku a ABU ina karanta harkar kasuwanci, burina in fita waje in ƙaro karatu amma gaskiya gida ba hali. Wani ejan ya ce in kawo kuɗi zai samo min sikolashif, in ba shi? Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Don Allah kar ka ba shi ko sisi. Duk sikolashif ɗin da zan faɗa maka kyauta ake cike fom ɗinsu a intanet, da wayarka ma za ka iya, kuma ba ejan ɗin da ke da hannu a wurin zaɓe. Abin yana min ciwo wallahi, a sayar da akuyar uwa ko buhun masara a miƙa wa ɗan damfara.

Tunda aji uku kake, mastas, wato digiri na biyu, za ka sa a gaba. Chevening ta gwamnatin Birtaniya tana biyan kuɗin makaranta da na jirgi da na kashewa na shekara ɗaya, amma sai kana da gogewar aiki ta awa 2,800, wajen shekara biyu kenan, kuma in ka gama dole ka dawo gida ka yi shekara biyu. Ku 'yan kasuwanci ku lura a nan, in MBA (mastas na gudanar da kasuwanci) ka zaɓa akwai iyakar abin da suke biya, ragowar daga aljihunka zai fito, shi ya sa ni na fi ba da shawarar mastas a fannin kuɗi ko gudanarwa. Akwai Erasmus Mundus ta Tarayyar Turai, karatu a ƙasashe biyu ko fiye da alawus na yuro 1,400 duk wata. Turkiyya ma tana buɗe tata a Janairu zuwa Fabrairu, sai dai yawanci za ka fara da shekara guda ta koyon yarensu.

Yanzu dai aikinka shi ne makinka, ka dage ka fita da 2:1 (digiri mai daraja ta biyu, mataki na sama) ko sama, sauran zangon nan da suka rage maka sun isa su ɗaga ka in ka sa kai. Ka saba da malamai biyu da za su san ka da suna saboda su rubuta maka takardar shaida, ka yi fasfo da wuri, ka fara gyara turancinka don IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci. Kana kammalawa ka nemi taransikirif, takardar da ke nuna duk makinka, tun kafin ka tafi bautar ƙasa, don takardar nan ba a samunta rana ɗaya. Allah ya ba da sa'a.