Kayen girkin kakata yana marmashewa, in kai a liƙe shi cikin roba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakata ta rasu ta bar mani wani kaye, wato littafin rubutu, da ta rubuta girke-girkenta da ajami: alkaki, nakiya, dubulan da haɗin yajin jego. Takardun sun yi ja, gefensu yana karyewa in na taɓa, gara ma ta ci kusurwa ɗaya. Wani mai fotokopi ya ce in kawo ya liƙe mani kowane shafi cikin roba kamar kati. Hankalina a tashe yake, kada abin ya lalace a hannuna. Daga wata ƴar'uwa a Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta. Ƴar'uwa, don Allah kada ki kai kayen nan wurin injin roba.

Wannan ɓarna ta zama ruwan dare. Mutane suna ganin kati ya yi ƙyalli cikin roba, sai su ɗauka haka ake adana kowace takarda. Injin yana aiki da zafin da ya haura digiri 100, ya narkar da danƙo ya shige cikin jikin takardar, daga nan babu mai iya raba su ba tare da rubutun ya biyo robar ba. Jan da kika gani alama ce cewa takardar tana cin kanta daga ciki, kuma robar ba ta tsayar da wannan, sai dai ta kulle shi tare da duk laimar da ke jiki. Bayan ƴan shekaru gefe ya ɓare, iskar damina ta shiga, ki ga baƙin tabo yana yaɗuwa, ke kuma ba ki da hanyar kai hannu. Mai fotokopi kuɗin shafi zai karɓa, ba shi ne zai yi kukan rubutun kakarki ba. Sikoci, wato tef ɗin liƙe takarda, shi ma ɗan'uwan roba ne: danƙonsa yana tsotsewa cikin takarda ya bar tabon da ba ya fita. In shafi ya yage, ki bar shi a yage.

Aikin farko hoto ne. Da safe ki shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa bakin ƙofa, ki kashe fitilar wayar, ki ɗauki kowane shafi har da bango da rubutun gefe. Ki tura wa dangi biyu ko uku, ki sa a buga maki kwafi, shi ne zai riƙa shiga madafa. Kayen Hajiya ya gama shan hayaƙi da maiƙo.

Ki wanke hannu ya bushe sarai kafin ki taɓa shi. In da tawadar allo ta rubuta, wadda ake haɗawa da ƙaro, ɗigon gumi kaɗai yana narkar da harafi. Ƙurar hunturu ki share ta da burushi mai laushi, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙarfen tsakiyar kaye in ya yi tsatsa, ki ɗaga bakinsa a hankali ki zare. Sai ki yi yadda malamanmu suke yi wa Alƙur'ani rubutun hannu: takardu a jere tsakanin kwali biyu masu ƙarfi, a naɗe da wankakken farin ƙyalle na auduga. Ki sa cikin akwatin ƙarfe, ki ɗora a kan bulo, nesa da bango da tazarar taƙi guda, don gara ta ƙasa da bangon laka take bi. Kada ki ɗaure shi cikin leda, kada ki fesa masa maganin ƙwari ko kananzir. A Yuli da Agusta ki riƙa buɗewa duk mako biyu ya sha iska. In ruwa ya taɓa shi, ki jera farar takarda tsakanin shafuka ya bushe a inuwa, domin rana tana ƙara masa gautsi.

Akwai kuma abin da akwati ba ya adanawa, wato ma'aunin Hajiya. Tiyar gero tana kai kilo 2 da rabi, amma ludayinta da “ɗan kaɗan” ɗinta ba kowa ya san su ba. Ki nemo gwaggo ko innar da ta taya ta tuyar alkaki, ku yi tare. Kafin ta zuba alkama, tsamiya ko zuma, ki auna a sikeli ki rubuta a sabon kaye, har da kwanakin da kwaɓin yake yi kafin a soya da kalar da take jira ta gani kafin ta tsame daga mai.