An hana ƙanena PIP, wai sai ya bar aiki da magani?

Tambaya: Ƙanena ɗan shekara 24 ne, yana da ciwon sistik faibrosis, ciwon gado da ke cushe huhu da majina mai kauri, muna zaune a Manchesta, Ingila. Ya nemi kuɗin PIP, tallafin da gwamnati ke ba masu naƙasa ko doguwar jinya, an hana shi. Wani mai cike wa mutane takardu ya ce aikin kantin da yake yi ne ya jawo, wai ya ajiye aikin, ya daina shan magani mako biyu kafin a sake duba shi, don a gan shi a galabaice. Hankalina a tashe yake.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ya kuskura. PIP ba ruwanta da albashi ko ajiyar banki, mai aiki yana karɓa. Maganar barin magani kuwa, mun gaji da jin ta daga bakin 'yan cika-fom, kuma ganganci ne da rai. Mai shan Kaftrio, maganin wannan ciwo, in ya tsaya kwatsam, numfashinsa na iya lalacewa cikin 'yan kwanaki. In ya bar injin shaƙar magani da motsa ƙirji, majina ta daskare, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, kuma huhun da ya yi tabo ba ya komawa. In ya bar Creon, maganin narkar da abinci, abinci ya wuce bai amfane shi ba, ya rame. Duk wannan wahala maki ko ɗaya ba za ta ƙara masa ba cikin makin da ake auna cancantar PIP da su, domin ana duba yadda yake a fiye da rabin kwanakinsa ne, ba ranar ganawa kaɗai ba. Mai ba da wannan shawara kamasho yake jira, ba shi zai kwana a asibiti ba.

Abin da ke kayar da mutanenmu kunya ce. A tambaye shi jiki, ya ce "Alhamdulillahi, da sauƙi", a rubuta lafiya lau. Ana neman maki 8 don ƙaramin kaso, 12 don babba, a ɓangaren hidimar yau da kullum ko na zirga-zirga. Kowane aiki, wanka ne ko girki, ya faɗi ko yana iya yin sa ba haɗari, ko yana iya maimaita shi, kuma bai wuce ninki biyu na lokacin mai lafiya ba. In tari na tsayar da shi a banɗaki har sai ya zauna, ya rubuta. In ke ce kike bubbuga masa ƙirji da asuba, ku ƙirga awoyin: sama da uku da rabi a mako maki 4 ne, sama da bakwai maki 6.

Wata ɗaya gare shi daga ranar da ke kan wasiƙar ya nemi a sake duba hukuncin, in an sake hana shi ya ɗaukaka ƙara. Ya karɓo wasiƙa daga likitocinsa, ya je ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice ko ya tuntuɓi ƙungiyar masu wannan ciwo, Cystic Fibrosis Trust, kyauta suke taimakawa. Sai dai ku duba takardar izinin zamansa a ƙasar tukuna: in an rubuta ba shi da haƙƙin kuɗin gwamnati, PIP na cikin kuɗin da aka hana shi.